Babi na Tara: Fankar Furosesa da Gargaɗin F1

A shagunan buga takardu da cike fom, da ofisoshin makarantu, akwai kwamfutocin da ba sa tashi sai an lallashe su. Za a danna makunni, allo ya kawo baƙi, farin rubutu ya fito layi biyu ko uku, daga nan komai ya tsaya cak. Mai shagon ko kallon rubutun ba ya yi, don yatsansa ya riga ya haddace inda F1 yake. Ya danna, Windows ta hau, a shiga harkar ranar. In ka tambaye shi, amsar ba ta wuce, "Ai haka take tun da na sayo ta." Idan ya ɗauki sabon yaro, kafin ya nuna masa yadda ake jera wasiƙa sai ya fara ce masa, "In ka kunna waccan ta lungu, ka danna mata F1."

Rubutun da ake tsallakewa ya danganta da kamfanin da ya ƙera na'urar. A madabod ɗin ASUS za ka ga "CPU Fan Error! Press F1 to Run SETUP". Kwamfutocin tebur na Dell sukan rubuta "Alert! CPU fan failure". Na HP kan haɗa da lamba, "511-CPU Fan not detected", laftop ɗinsu kuma ta nuna lambar 90B, ta ce za ta kashe kanta nan da daƙiƙa 15 in ba a danna Enter ba. ThinkPad ta Lenovo ta fi su gajen haƙuri: kalma biyu take rubutawa, "Fan error", ta ɗauke wuta. Duk maganar ɗaya ce. Kafin Windows ta hau, BIOS, wato 'yar manhajar da ke zaune a jikin madabod, yakan bi kayan cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya yana duba lafiyarsu. Da ya zo kan fankar da ke sanyaya furosesa, bai gamsu da abin da ya samu ba.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, madabod, wato babban bod ɗin da ake jona duk kayan kwamfuta a kansa, ba shi da idon da zai ga fanka tana juyawa. Saƙo yake jira daga gare ta. Ka ɗauki fankar kwamfutar tebur ka dubi wayoyinta, za ka ga uku ne ko huɗu. Ta farko ta ƙasa ce, ta biyu ita ke kawo wuta bolt 12. Ta uku ba ta kawo komai, kai labari take yi: duk zagaye ɗaya da fankar ta yi, sai ta aika bugu biyu zuwa wani ɗan guntu a jikin bod, galibi na kamfanin Nuvoton ko ITE, shi kuma ya ƙirga. Fankar da ke zagaye 1,200 a minti tana aika bugu 40 ke nan kowace daƙiƙa. Ta huɗu, in akwai ta, ita ce linzami. Ta cikinta bod ke ce wa fankar ta ƙara gudu ko ta rage. Intel ne ya fitar da ƙa'idar wannan waya ta huɗu wajajen 2004, lokacin da furosesoshin Pentium 4 suka kai matuƙa wajen zafi, har wasu suna cin wat 115.

Abin ya yi kama da maigida da maigadinsa cikin dare. Maigida yana ɗaki, ba ya ganin ƙofar gida, usur kawai yake saurara. In ya ji shiru, mai yiwuwa maigadin ya yi barci, ko ya tafi abinsa, ko yana nan tsaye da sandarsa usur ɗin ne ya ɓata, ko kuwa yana busawa a ƙofar maƙwabta. Gargaɗin fanka shirun nan ne. Bai ce fanka ta mutu ba, cewa ya yi bugun bai iso ba, ko ya iso bai kai adadin da ake tsammani ba. Wanda ya ruga kasuwa sayen sabuwar fanka da wanda ya shiga BIOS ya kashe gargaɗin, dukansu sun yanke hukunci ba su leƙa waje ba.

To me zai faru in da gaske fankar ta tsaya? A 2001 mujallar intanet ta Tom's Hardware ta yi wani gwaji da ya zagaya duniya. Suna cikin buga wasa a kwamfuta sai su cire abin sanyaya furosesa gaba ɗaya. Pentium 4 ya rage gudu ya ci gaba da lallaɓawa, Pentium III ya sandare amma bai mutu ba, Athlon na AMD kuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi ya fara hayaƙi, zafinsa ya haura digiri 300. Tun daga wancan zamani aka gyara wannan ɓaraka. Furosesan yau yana da ma'aunin zafi a cikinsa. Idan ya doshi digiri 100 a yawancin na Intel, ko 95 a Ryzen da yawa, sai ya rage wa kansa gudu, in abin ya ƙi ya yanke wuta. Saboda haka da wuya ka ga furosesa ya ƙone a zamanin nan, kuma wannan ne ya sa masu danna F1 suke ganin babu komai.

Amma akwai komai. Kwamfutar da ke aiki a bakin iyakar zafinta nauyi take yi, shafin da ya kamata ya buɗe nan take sai an ja tsaki. Tana iya ɗaukewa ana tsaka da cike wa mutum fom ɗin da za a rufe yau. Sannan ba duk kayan cikin kwamfuta ne ke da wannan kariya mai ƙarfi ba. Kafasitocin da ke kewaye da shi da 'yan guntayen da ke daidaita masa wuta da iskar fankar nan suke rayuwa, zafi kuma yana rage musu kwana. A laftop har batir yana shan nasa rabon. Ga kuma yanayinmu: yawancin kwamfutocin ofis an tsara su ne su yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Yamai sukan haura 40. Na'urar da aka yi wa ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a Ingila, ga ta a shagon kwano a tsakiyar bazara, ba ta da rarar da za ta yi wasa da fanka.

Gani ya kori ji

Matakin farko ba ya cin ko kwabo. Ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bango, ka danna makunni na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita. Ka buɗe murfin gefe, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa komai a ciki. Sannan ka mayar da wuta, ka kunna, idonka a kan fankar da ke zaune bisa furosesa. Daƙiƙa goman farko sun ishe ka sanin inda za ka dosa.

A ce ta tashi tana juyawa lafiya lau, babu kuka babu tangaɗi, amma gargaɗin ya fito. To ka bi wayarta da yatsa har inda aka soke ta. A jikin bod akwai soket ɗin fanka fiye da ɗaya, kowanne da sunansa da ƙananan haruffa a gefe: CPU_FAN, CPU_OPT, SYS_FAN ko CHA_FAN, a sababbin bod har da AIO_PUMP. Kamanninsu ɗaya, kowanne zai juya fanka. Amma BIOS a CPU_FAN yake kasa kunne. Wanda ya haɗa kwamfutar in ya ga wani soket ya fi kusa da hannunsa ya soka a nan, fankar za ta yi ta aikinta shekara da shekaru, gargaɗin kuma ba zai daina fitowa ba. A kwamfutocin da aka harhaɗa da hannu, wannan shi ne dalilin da na fi cin karo da shi, kuma gyaransa bai kai minti ɗaya ba. Filogin yana da 'yar hanya a bayansa wadda ke bin wani harshen roba a jikin soket, don haka ba ya shiga a juye sai an yi masa ƙarfi. Filogi mai rami uku yana zama a soket mai fil huɗu, fil ɗaya ya rage a waje, babu laifi a hakan. Abin lura shi ne ya shige har ƙasa. Wani lokaci za ka tarar ya ɗan ɗago ta gefe guda, wuta tana shiga, amma ramin wayar kai labari bai kama ba. Wani lokacin kuma ita wayar ce ta zame daga cikin robar filogin, in ka ja ta a hankali sai ta biyo hannunka.

Akwai masu gyaran da in fanka ta ba su wahala sai su yanke filogin, su haɗa wayoyi biyu kai tsaye da wutar da ke fitowa daga fawa, wato akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta, su naɗe da salatif. Fankar za ta yi gudu iya ƙarfinta, mai kaya ya ji ƙara ya ce aiki ya yi kyau. Waya ta uku tana nan tana lilo. Irin wannan kwamfutar ba za ta daina neman F1 ba har abada. Haka in an haɗa fanka biyu a soket ɗaya da wayar raba hanya: ɗaya ce kawai daga cikin rassan ke ɗauke da wayar kai labari, in aka bar wannan reshen babu kowa, bod ba zai ji komai ba. Masu sanyaya furosesa da ruwa su ma suna faɗawa wannan ramin, su soka famfon a AIO_PUMP su bar CPU_FAN fayau. Sai a kawo fankokin lagireto a soka a CPU_FAN, magana ta ƙare.

Wani dalilin kuma na ban dariya ne, don ingancin fankar ne ke jawo shi. Manyan fankoki masu faɗin milimita 120 ko 140, irin na Noctua, suna tura iska mai yawa ba tare da gudu ba, da sanyin safiya suna iya tafiya a zagaye 300 ko 400 a minti. Tsofaffin bod ɗin ASUS da yawa kuwa an saita su su yi ƙara in gudun ya gaza 600. A nan babu abin da ya lalace. Ka danna Delete ko F2 lokacin tashi, ka shiga BIOS, F7 ya kai ka babban shafi, ka nemi sashen Monitor, a ƙarƙashinsa akwai "CPU Fan Speed Low Limit". Ka sauke shi zuwa 200, ka danna F10 ka adana. Tun da kana wurin, ka duba ko an saita soket ɗin a PWM ko DC. Fanka mai waya huɗu PWM take so. Mai waya uku da DC ake rage mata gudu, wato ta hanyar rage mata wuta, in kuma aka rage da yawa ba za ta iya tashi daga tsaye ba sai furosesa ya ɗumama, kafin nan BIOS ya riga ya kai ƙara.

Mu da yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, Dell da HP da Lenovo da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, muna da wata matsalar ta daban. Waɗannan kamfanoni ba koyaushe suke bin tsarin kowa da kowa ba. Tsofaffin OptiPlex da yawa filoginsu mai rami biyar ne da waya huɗu, jerin wayoyin ma ba irin na kasuwa ba ne. In aka sa musu fankar gama-gari aka lanƙwasa fil aka cusa, ko dai ta ƙi juyawa, ko ta juya babu labari, ko a yi rashin sa'a wuta ta bi inda bai kamata ba. Kuma BIOS ɗin irin waɗannan na'urori galibi ba shi da wurin sauke iyakar gudu. Abin da ya fi sauƙi shi ne a nemo fankar wannan samfurin, ko da ta kwance ce, a Titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Ka cire tsohuwar ka tafi da ita a aljihu. Lambar da ke kan sitikarta ta fi duk wani kwatance da za ka yi da baki. A kula kuma da lambar gargaɗin: a HP, 511 fankar furosesa ce, 512 kuwa ta jikin akwati ce. An sha canza fankar da ba ta yi laifin komai ba saboda ba a karanta lambar ba. Dell tana da gwajin kanta, in ka danna F12 lokacin tashi ka zaɓi Diagnostics za ta tayar da kowace fanka ta gaya maka wadda ta ƙi amsawa.

In kuwa ba ta juya ba

Yanzu a ce ka kunna, fankar ta yi ɗan motsi ta tsaya, ko ta yi shiru gaba ɗaya. Kashe, zare wuta. Ka fara duba ko wani abu ya tokare ta. Fankar da Intel ke haɗowa da furosesa a kwali tana zuwa da wayarta a naɗe a jikin firam, in ba a warware ta da kyau ba sai ta faɗa tsakanin fuka-fukai. Wayar fawa da ta yi sako-sako ma tana yin haka. In babu abin da ya tare ta, ka sa yatsa ka kaɗa ta. Lafiyayyar fanka tana zagayawa sau da dama, ta tsaya da ɗan tsalle-tsalle saboda maganaɗisun da ke cikinta. Wadda ta tsaya nan take, ko ka ji tana gurzawa, ko tana rawa a kan sandarta, wannan ta gaji.

In ta kaɗu sumul amma wuta ba ta tayar da ita, saura ka san mai laifi tsakaninta da soket. Ka soka ta a SYS_FAN ka kunna na 'yan daƙiƙoƙi. Ta juya? To soket ɗin CPU_FAN ne ya mutu. Ka tabbatar ta hanyar kawo wata fankar da ka san tana aiki ka gwada a wurin. Yawancin waɗannan soket amfiya 1 kawai suke ɗauka, wanda ya jera musu fankoki huɗu ko biyar shi ya kashe su. Mai gyaran da ya iya aikin bod yana iya canza ɗan guntun da ya ƙone. In ba ta juya a ko'ina ba, motarta ce ta tafi, sai sabuwa.

Sai babbar abokiyar gabarmu, ƙura. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke Chadi, laushinta kuma ya sa babu tagar da ke hana ta shiga. Fanka kuwa aikinta ke nan, ta zuƙo iskar ɗaki ta tura cikin ƙarfen shan zafi, wanda masu gyara ke kira hitsink. Duk abin da ke cikin iskar a nan yake sauka. Ka buɗe kwamfutar da ta yi hunturu biyu a shagon bakin titi ka gani. Gefen kowane fiffike ya yi kauri da jar ƙasa. Tsakanin siraran farantai na ƙarfen ya cushe. A laftop abin ya fi muni: in ka ɗaga fankar, daidai inda iska ke fita za ka tarar da wani dogon curi launin toka, ƙura da zaren tufafi da gashi sun haɗu sun saƙu, har kana iya kama gefe ɗaya da hantsaki ka zaro shi ɗungurungum bai tsinke ba. Daga waje ba a ganinsa. Mai laftop ɗin dai ya san tana ƙona masa cinya, fanka tana ihu, amma in ya kara hannu a mafitar iska ba ya jin komai.

Ana share ta da busasshen burushi mai laushi da bulowa. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: ka danne fuka-fukan da yatsa ko tsinken sakace kafin ka busa. Yara masu koyon gyara suna son jin kukan da fanka ke yi in bulowa ta kwashe ta da gudu, amma wannan gudun ya fi abin da aka yi ta dominsa, yana cinye boris, sannan motar da ake juyawa da ƙarfi tana haifar da wutar da ke komawa cikin bod. Kada ka busa da baki, akwai danshi. Kada kuma ka kai wa mai faci ya sa mata iskar taya, don tankinsa yana tara ruwa da mai, ƙarfin iskar ma ya yi yawa. Laftop kuwa a cire mata batir, ko a zare filoginsa in na ciki ne, kafin sukudireba ya taɓa komai. Busa iska ta mafitar waje ba tare da an buɗe ba sau da yawa cikin fankar yake mayar da curin, ta ƙara cijewa. Akwatin fawa dai a busa shi daga waje a bar shi, kada a buɗe, kafasitocinsa suna riƙe wutar da ke iya illata mutum ko bayan an zare waya.

Fankar da ta gaji fa, ana iya ceto ta? Na ɗan lokaci, e. Masu araha sandarsu a cikin bushi take juyawa, da ɗan mai a ciki. Zafi yana busar da man, ƙura ta shiga ta zama dagwalo. Alamarta ita ce gurnani da safe wanda ke lafawa bayan minti biyu ko uku, da gargaɗin da ke fitowa yau gobe ya ƙi fitowa, musamman lokacin sanyi. In ka ɗaye sitikar bayanta za ka ga 'yar murfin roba, ƙarƙashinta kan sandar. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, a kaɗa ta ya ratsa, a goge, a mayar da murfi. Ban da man gyaɗa, ban da baƙin mai, ban da feshin da ake kwance tsatsa da shi, shi wanke ragowar man yake yi. Wannan dabara tana iya ba ka makonni ko watanni, amma bushin da ya riga ya cinye ba ya dawowa. Ni a ganina, in kwamfutar ita ce abincinka, ka ɗiga man don ka gama aikin yau, gobe ka nemo wata. Wajen saye ka dubi abu uku a sitika: bolt, amfiya, da yawan wayoyi. Na tebur bolt 12 ne, na laftop galibi 5.

In aikin ya kai ga ɗaga hitsink daga kan furosesa, dole a goge tsohon man da ke tsakaninsu da sifirit a sa sabo, ɗan ɗigo a tsakiya. Man goge baki da wasu ke shafawa bushewa yake yi cikin kwanaki. A bod ɗin AMD masu soket AM4 a murɗa hitsink ɗin hagu da dama a hankali kafin a ɗaga, in ba haka ba yakan fizgo furosesan ya lanƙwasa masa ƙafafu. Na Intel mai turaku huɗu kuwa a danna su biyu-biyu ta kusurwa da kusurwa har sai kowanne ya yi ƙas. Turke ɗaya in bai shiga ba, fanka za ta yi ta gudu, zafi kuma ba zai sauka ba.

Maganar Ignore

Duk wanda ya nemi maganin wannan matsala a intanet, abin da za a fara nuna masa shi ne ya shiga BIOS, ya je kan "CPU Fan Speed" ya mayar da shi Ignore, ko ya kashe "Wait For F1 If Error" a sashen Boot. Gargaɗin zai ɓace kuwa. Akwai inda hakan yake daidai: kwamfutar da fankokinta ke kan wata na'urar sarrafawa ta daban, ko wadda aka gina ta da hitsink marar fanka da gangan, ko wadda soket ɗinta ya mutu aka mayar da fankar SYS_FAN. Akwai kuma na'urorin da aka saita su tashi da kansu in wuta ta dawo, kamar mai naɗar hotunan kyamarar tsaro. Irin wannan in ta tsaya jiran F1 da tsakar dare, babu mai danna mata sai gari ya waye. Amma a kowane hali sharaɗin ɗaya ne, ka riga ka ga fankar tana juyawa da idonka, ka kuma auna zafin. BIOS da kansa yana nuna shi. A cikin Windows, manhajoji kyauta irin su HWMonitor da HWiNFO da Core Temp suna nunawa. Kwamfutar tebur da ba ta aikin komai ta zauna tsakanin digiri 30 da 50, in an ɗora mata kaya ta kai 70 ko 80, wannan lafiya ce. Wadda ke zaune a 80 babu abin da aka buɗe, tana da magana. Ka kuma san cewa daga ranar da ka sa Ignore, kai ne ka karɓi aikin sa ido, domin ranar da fankar za ta tsaya da gaske babu wanda zai gaya maka.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne gargaɗin da aka yi maganinsa a BIOS ya dawo bayan an kwana biyu. Duba agogon kwamfutar. In shi ma ya koma wata shekara ta baya, ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke jikin bod ne ya ƙare. Sunansa CR2032, bolt 3 ne, ana samunsa har a wajen masu gyaran agogo. Shi ke riƙe saitin BIOS idan babu wuta, kuma a inda ake yawan ɗauke wuta ya fi saurin ƙarewa, don duk lokacin da aka yanke wutar bango a kansa nauyin yake. Kwamfutar da ta yi shekaru a wani ofis, ta yi watanni a kwantena, da wuya batirinta ya zo da sauran ƙarfi. A canza shi, a sake saitin, a adana.

Mai sayen kwamfuta ta hannu, kada ka yarda a miƙo maka ita a kunne. Ka ce, "Malam, kashe ta gaba ɗaya ka sake kunnawa ina gani," ka kuma dubi hannunsa, don wasu yatsansu na kan F1 tun kafin rubutu ya fito. Haka in ka kai gyara aka ce maka, "Alhaji, an gama, ba ta ƙara nuna komai." Ka ce ya shiga BIOS ko ya buɗe HWMonitor ya nuna maka layin fankar furosesa. In ka ga lamba tana motsi, 900 ko 1,500 ko 2,000, an yi aiki, ka biya. In ka ga Ignore ko N/A, kuma bai yi maka bayanin dalili ba, gargaɗin kawai ya kashe, kada ka ba da kuɗin fanka.